Yadda ake haɗa ɗakin shuka na alminiyam da gilashi

Ɗakin shuka na gilashi ya fi yawa a ƙasashen sanyi. A Ingila da wuya ka zaga bayan gidajen unguwa, ko filayen lambun da ƙananan hukumomi ke ba mutane haya, ba ka ga irinsa ba: ƙaramin ɗaki mai sandunan alminiyam, bango gilashi, rufi gilashi. Aikinsa ya tara ɗumin rana ya riƙe, ya kuma kare shuka daga iska da jaura. Ɗan uwanmu da ke zaune a Landan ko Manchesta, yana marmarin attaruhu da tattasai da kuɓewa na gonar kansa, ya san lokacin zafin can gajere ne, shukar ba ta gama nuna a waje sanyi ya dawo. Da wannan ɗaki sai ya fara reno tun watan Maris, ya ci gaba da tsinka har Oktoba.

A warware ake sayar da shi. Za a kawo maka dogon kwali ɗaya ko biyu cike da sanduna, da ledar bol da noti, da naɗin roba, da takardar bayani, gilashin kuma daban a ɗaure. Wanda aka fi saye shi ne mai faɗin ƙafa 6 da tsawon ƙafa 8, kuma shi zan riƙa misali da shi. Mutum biyu suna iya gama shi a kwana biyu idan harsashi ya riga ya bushe.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu, domin duk matakan da ke ƙasa a kansa suka dogara. Alminiyam yana lanƙwasa, gilashi ba ya lanƙwasa. Firam ɗin zai yarda ya zauna a karkace ba tare da ya nuna maka komai ba, sai ranar da ka ɗauko gilashi, mai kusurwa huɗu a miƙe, ya ƙi shiga gurbinsa. Mafi yawan wahalar da mutane ke sha a wannan aiki daga ƙasa ta faro, a ranar da aka yi harsashi cikin gaggawa.

Zaɓen wuri

Ka nemi inda rana ke samu mafi yawan yini, nesa da inuwar gini da ta bishiya. Ƙarƙashin bishiya ma bai dace ba ko da babu inuwa sosai, saboda reshe yana karyewa ya faɗo, ganye kuma yana toshe indararo. Ka bar fili aƙalla ƙafa 2 a kowane gefe, domin ta waje ake sa gilashi, ta waje ake wanke shi, ta waje ake canza wanda ya fashe. Wanda ya manna ɗakinsa da katanga ya hana kansa duk waɗannan.

A Turai, idan shukar lokacin sanyi ce a ranka, a miƙe doron rufin daga gabas zuwa yamma, domin dogon gefen ya kalli kudu inda rana take ratsawa ƙasa-ƙasa. Ƙofa kuma kada ta fuskanci inda iska ta fi tasowa, wanda a Ingila kudu maso yamma ne. Iskar da ta shiga ta ƙofa ba ta da mafita sai ta tura gilashi daga ciki. A Ingila irin wannan ƙaramin ɗaki galibi ba ya buƙatar izinin gini, amma idan yana cikin mita 2 daga iyakar maƙwabci, tsayinsa kada ya wuce mita 2.5. Mai gidan haya ya tambayi mai gida, mai filin lambun haya ya duba dokar wurin.

Wanda zai kafa shi a gida Najeriya ko Nijar, lissafinsa daban ne. A Jos, mai tudun kusan mita 1,200, ko a tsaunin Mambila, sanyin Disamba da Janairu ya isa ya sa ɗakin ya yi amfani, sai dai a tuna Jos tana samun ƙanƙara wani lokaci da damina. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa, inda zafin Afrilu ke kaiwa digiri 40, ɗakin gilashi a rufe daidai yake da motar da aka bari a rana an ɗage gilasanta. Can zafi ne abokin gaba, zan dawo kansa a ƙarshe. Hadarin damina a yankinmu daga gabas yake tasowa, iskar hunturu daga arewa maso gabas, don haka ƙofa ta kalli yamma ko kudu.

Buɗe kaya

Kafin ka taɓa sifana, ka baje sandunan duka a ƙasa ka ƙirga su da jerin da ke cikin takarda. Kowace sanda tana da lamba. Da yawa sun yi kama da juna ƙwarai, bambancinsu wurin huda ne ko 'yan santimita a tsawo, wasu kuma akwai na dama akwai na hagu. Ka ware su kashi-kashi: na gefe biyu, na bangon baya, na bangon ƙofa, na rufi, na ƙofar kanta, na taga. Idan wani abu bai zo ba, yanzu ya kamata ka sani, ka kira mai sayarwa tun ba ka fara ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Sifana mai lamba 10, domin notin waɗannan ɗakuna yawanci shi ke nan girmansa, in ka sami mai hannun sukudireba ya fi sauri. Sai tef na awo, lebur dogo (ma'aunin magina mai ruwa da ke nuna ko abu ya kwanta daidai), igiya da turaku, filaya, almakashi, guduma ta roba, tsani mai ƙafa biyu, safar hannu mai kauri da tabarau na kariya. Gilashin ka jingine shi a tsaye a kan katako, a ɗan kishingiɗe da bango, inda yara ba sa zuwa. Kada ka kwantar da shi a tara wani kan wani, kuma kada ka bar ruwa ya shiga tsakaninsu, domin idan suka manne raba su akwai haɗari.

Harsashi

Nan ne wurin daɗewa. Awon da za ka yi aiki da shi shi ne wanda ke rubuce a takardar kamfanin, da milimita. Sunan “6 da 8” suna ne kawai na kasuwa, ainihin girman yakan ɗara haka kaɗan, kuma kowane kamfani da nasa. Wanda ya sa birkila ya jera bulo a kan ƙafa 6 da 8 cif zai ga firam ɗinsa yana reto a iska.

Hanya uku ce sananniya. Ta farko, gindin ƙarfe da kamfanin ke sayarwa tare da ɗakin, mai ƙafafu a kusurwoyi da ake binnewa da kankare. Ta biyu, a haƙa ɗan rami zagaye, a zuba kankare, a jera bulo layi ɗaya ko biyu. Ta uku, a zuba daɓen kankare mai kaurin kusan santimita 10 a duk wurin, ko a shimfiɗa falankin siminti a kan yashi da tsakuwa da aka dandaƙe. Ni na fi son ta farko ko ta biyu ga mai son shuka a cikin ƙasa kai tsaye, saboda ruwan ban-ruwa yana nutsewa. Daɓe ya fi tsafta ga mai shuka a tukwane da buhuna, amma dole a yi masa mafitar ruwa, in ba haka ba kullum kana cikin taɓo da gansakuka.

Ko wacce ka ɗauka, abu biyu ake nema: ya kwanta daidai ba tudu ba gangare, kusurwoyinsa huɗu kuma su miƙe.

Na farko aikin lebur ne. Ka ɗora shi a kan kowane gefe, sannan ka ɗora shi a kan doguwar sanda miƙaƙƙiya ka gitta daga gefe zuwa gefe. Ka durƙusa ka kalli ƙwayar iskar da ke cikin ruwan, idonka daidai da ita. Ta tsaya tsakanin layukan biyu cak. Idan ta taɓa layi ɗaya, ba a gama ba. Ka juya lebur ɗin baya ya koma gaba ka sake dubawa, domin tsohon lebur yakan yi ƙarya, kuma ta haka ake kama shi.

Na biyu aikin tef ne. Ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta gicciye, sannan ka auna ɗaya gicciyen. Idan gefuna masu fuskantar juna tsawonsu ɗaya, kuma awon gicciyen biyu ya zo ɗaya, kusurwoyi sun miƙe. Bambancin da ya wuce milimita biyu ko uku ka gyara shi, ka tura kusurwar gicciyen da ya fi tsawo ciki kaɗan ka sake aunawa. Wajen kafa turaku tun farko akwai dabarar magina: daga kusurwa ka auna santimita 60 a igiya ɗaya, 80 a ɗayar, tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ta zama 100 daidai.

Idan gindin ƙarfe ne, ka haɗa shi, ka ajiye a wurin, ka yi alamar ƙafafunsa, ka ɗauke ka haƙa ramukan, ka mayar da shi, ka yi masa tallafi da gutsattsarin bulo har ya daidaita. Shawarata kada ka zuba kankaren ƙafafun tukuna. Ka bari sai firam ya hau ka tabbatar komai ya zauna, sannan ka zuba, ka jira ya kama kafin gilashi. Idan bulo ne ko daɓe, ka ba shi kamar mako guda ya bushe, kana yayyafa masa ruwa in ana zafi. Sannan ka shimfiɗa siririn leda mai kauri ko roba tsakanin siminti da alminiyam, domin siminti mai danshi yana cin alminiyam a hankali.

Haɗa bangwaye a ƙasa

Ba a gina wannan ɗaki a tsaye sanda bayan sanda. Bango-bango ake haɗawa a kwance, sannan a tayar. Ka sami fili mai laushi kamar ciyawa ko tabarma, ka kwantar da sandunan, ɓangaren da zai kalli cikin ɗaki yana sama, wato wanda ke da kwarmin bol.

Ka duba sanda ɗaya da kyau. A bayanta akwai kwarmi mai tsawo daga kai zuwa gindi. Kan bol ɗin mai kusurwa huɗu ne, ta bakin kwarmin ake zura shi ya zame zuwa inda ake so, kuma ba ya juyawa idan ana ɗaure noti. Matsalar ita ce da zarar ka toshe bakin sandar da wata sanda, babu sauran hanyar shigar bol. Shi ya sa takarda za ta ce maka sanda kaza a zura mata bol uku, kaza huɗu, alhali biyu kawai kake gani za su yi aiki yanzu. Sauran na sandar tokari ne, ko na kanta, ko na marikin taga, da za su zo daga baya. Ka ƙirga ka zura, ka ɗan ɗaura musu noti don kada su zube. Ka ƙara ɗaya ko biyu ma a kowace sandar gefe da ta rufi, za su yi maka amfani ranar da za ka ɗaura igiyar tumatir ko ragar inuwa. In kuma an manta, akwai bol na musamman da aka yanke gefen kansa, ana cusa shi a tsakiyar kwarmi a murɗa ya kama.

A gaban sandar kuma akwai siririn gurbi na robar da gilashi zai kwanta a kai. Sa robar tun sanduna suna ƙasa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sa ta kana bisa tsani. Ka jiƙa ta da ruwan sabulu ka bi ta da babban yatsa kana dannawa. Kada ka ja ta. Robar da aka ja tana komawa girmanta bayan kwanaki, ta bar kan sanda tsirara, gilashi ya zauna a kan ƙarfe. Ka yanke ta ta ɗan fi sandar tsawo kaɗan.

Bangon gefe shi ne mafi sauƙi, da shi za ka fara don hannu ya saba: sandar ƙasa, sandar sama wadda ita ce indararo, sandunan tsaye a tsakani, sai sandunan tokari da ke tafiya a karkace. Ka yi na biyu kamarsa. Sai bangon baya, mai sandunan kusurwa da biyun da suka haɗu a ƙololuwa. Na ƙofa ka bar shi ƙarshe, ya fi yawan ƙananan ƙarafa.

A duk wannan mataki, da yatsa kawai za ka ɗaure noti. Ya kama, amma mahaɗar ta iya motsi kaɗan. Hujojin an yi su da ɗan sarari da gangan, kuma wannan sararin ne zai ba ka damar daidaita ɗakin gaba ɗaya daga baya. Sandunan tokari kuwa ko ɗaya kada ka bari a kwali don ka ga kamar ado ne. Su ne ke hana ɗakin kwantawa gefe idan iska ta buge shi.

Tayarwa

Yanzu kana buƙatar mutum na biyu, da rana marar iska. Ɗaya ya riƙe bangon baya a tsaye a kan harsashi, ɗaya ya kawo bangon gefe ya haɗa su a kusurwa, sama da ƙasa. Da biyu sun haɗu za su tsaya da kansu. Sai ɗaya gefen, sai bangon ƙofa.

Daga nan sandar doro. Ku ɗaga ta ku biyu, kowa a ƙarshensa, ku ɗaura a ƙololuwar gaba da ta baya. Sai sandunan rufi, daga doro zuwa indararo, kowace a saitin sandar tsaye da ke ƙarƙashinta, kuna yin dama da hagu bi da bi don nauyi kada ya rinjaya gefe guda. Sai tokarin rufi, da ƙananan ƙarafan da ke ɗaure rufi da bango idan naka yana da su. A yawancin irin waɗannan ɗakuna tagar rufi ta bakin sandar doro ake zura ta, ta zame zuwa gurbinta, don haka ka haɗa ta ka zura kafin ka toshe bakin da murfinsa. Kada kowa ya jingina tsani da firam ko ya dafa doro da nauyinsa.

Ƙofar mai zamewa ce, tayoyinta biyu a sama suna bin reli, ƙasanta kuma yana bin leɓen sandar ƙasa. Ka haɗa ta a kwance, ka auna gicciyenta ita ma, ka zura ta. Idan tana gogar ƙasa ko tana tsallake leɓen, relin ne za ka ɗaga ko ka sauke, hujojinsa dogaye ne saboda haka.

To, yanzu ne lokacin daidaitawa. Ka sake auna gicciyen ƙasa. Ka ɗora lebur a jikin sandunan kusurwa huɗu ka ga sun tsaya tsaye, ta gaba da ta gefe. Ka koma nesa kaɗan ka hango doro da indararo, su miƙe ba tare da lanƙwasa ba. Sannan ka ɗauko gilashi ɗaya, da safar hannu, ka gwada shi a gurabe daban-daban: kusurwar rufi ta dama, ta hagu, gefe, baya. Idan ya kwanta daidai da sanda a ƙasa amma ya buɗe baki a sama, wannan ɓangaren ya karkace, ku tura firam ɗin a hankali har bakin ya rufe. Sai ya zauna lafiya a ko'ina sannan za ka bi notin duka da sifana.

Wajen ɗaurewa a yi hattara. Bol ɗin alminiyam ne, ba shi da taurin na mota. Da ka ji ya kama, ka ƙara ɗan murɗi kaɗan ka tsaya. Idan ka matsa, za ka ji sifanar ta yi laushi a hannunka farat ɗaya, kan bol ɗin ya tsinke ya bar maka noti a tafin hannu. Daga nan ka ɗaure firam da harsashi, da maƙalan da aka bayar idan gindin ƙarfe ne, ko da sukurori da filogi idan bulo ne ko daɓe. Ɗakin da ba a kafe shi da ƙasa ba, iska mai ƙarfi tana iya ɗaga shi ɗungurungum.

Sa gilashi

Gilashin iri biyu ne. Akwai na lambu, mai kaurin milimita 3, da ke zuwa ƙanana-ƙanana, yawanci santimita 61 kowane gefe, ana ɗora wani a kan leɓen wani. Yana da araha, mai yankan gilashi na unguwa ma zai iya yanka maka madadinsa, amma idan ya fashe dogayen tsinaye yake yi masu kaifi. Akwai kuma gasasshen gilashi, mai milimita 3 ko 4, da ke zuwa dogo guda ɗaya daga ƙasa har indararo. Ya fi ƙarfi sau da yawa, in ya fashe kuma ƙananan tsakuwoyi yake zama. Ba ya yankuwa bayan an gasa shi, kuma rauninsa a gefe yake: kusurwarsa ta daki siminti ko kan bol, sai ya tarwatse duka. Gidan da ke da yara ko tsofaffi, gasasshen nan ya cancanci ƙarin kuɗinsa, ban ga dalilin yin ciniki da wannan ba.

Nauyi ma abin lura ne. Gilashi mai milimita 3 yana da kilo 7.5 a kowace murabba'in mita, ƙaramin guda ɗaya kusan kilo 3 ke nan. Ba shi da nauyi a hannu, amma idan aka gama jera su a rufi an ɗora wa siraran sanduna kaya sosai. Shi ya sa ake sa shi dama da hagu bi da bi.

Ka zaɓi ranar da babu iska, ka fara da safe, da niyyar gamawa a ranar. Ɗakin da aka rufe rabinsa aka bar rabi ya fi kowane lokaci haɗari, domin iska tana shiga ta buɗaɗɗen gefe ta kwashe abin da aka sa. Gilashi kuma ya zama a bushe, jiƙaƙƙe yana zamewa daga hannu. Ka ɗauke shi a tsaye ta gefuna, ɗaya-ɗaya, a gefen jikinka.

Da rufi ake farawa, tun bango yana buɗe kana iya sa hannu da tsani ta ko'ina. A kowane layi, na ƙasa ne farko. Ka zaunar da gindinsa a leɓen indararo, ka kwantar da shi a kan robar, ka ga ya bar ɗan sarari daidai a dama da hagu. Wannan sarari yana da aiki. Alminiyam yana buɗewa da zafi fiye da ninki biyu na gilashi, kullum firam yana motsi tsakanin rana da dare, don haka gilashin da aka cusa da ƙarfi ya matse zai tsage wata rana ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Abin da ke riƙe shi ƙaramin kilif ne na waya mai siffar W. Ka riƙe gilashin da tafin hannu ɗaya. Da ɗaya hannun ka cusa ƙafafun kilif ɗin biyu ƙarƙashin leɓen sandar, gwiwoyinsa biyu suna kwance a kan gilashi, sannan ka danna tsakiyarsa da babban yatsa har ka ji ƙas, ita ma ta shige. Na farko da na biyu za su ba ka wuya, wani ma zai yi tsalle ya ɓace a ciyawa, wannan ne dalilin tabarau. Huɗu ake sa wa ƙaramin gilashi, biyu kowane gefe. A wurin da iska ke da ƙarfi ka sa shida, kilif ba shi da tsada.

Gilashi na biyu a kan na farko yake hawa, leɓensa na ƙasa ya rufe kan na ƙasa ta waje, don ruwan sama ya gangara ba tare da ya shiga ba. Kafin ka ɗora shi, ka rataya ƙananan maƙalai biyu masu siffar Z a saman na ƙasan, su ne za su tare gindin na saman kada ya zame. Hawan bai kamata ya wuce santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Idan ya yi faɗi, ƙura da gansakuka suna taruwa a tsakani inda hannu ba ya kaiwa. Masu gasasshen gilashi kuwa sau da yawa ana ba su dogon murfin roba mai tauri da ake dannawa a kan sandar daga sama har ƙasa, ya fi kilif riƙo.

Bayan rufi sai gefuna, sai baya, sai gaba. Gilasan ƙololuwa masu yankan karkace ne, akwai na dama akwai na hagu, ka gwada kafin ka sa kilif. Na ƙofa da na taga su ne ƙarshe. Idan wani ya ƙi shiga, kada ka danna shi. Ka sauke shi, ka sassauta notin sandar da ke kusa, ka matsar da ita kaɗan, ka sake gwadawa.

Iska da inuwa

Yawancin ƙananan ɗakunan nan da tagar rufi ɗaya suke zuwa, kuma ba ta isa. Masana lambu a Ingila suna ba da shawarar faɗin tagogin rufi ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin ƙasan ɗakin. Ka sayi ta biyu tun wajen oda, ka ƙara tagar luba a ƙasan bangon baya. Iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, mai zafi ta fita ta sama. Akwai kuma ƙaramin hannu mai buɗe taga da kansa, ba ya cin wuta: kakin da ke cikin bututunsa yana kumbura da zafi ya tura tagar, ya sake ta idan an yi sanyi. Ga wanda ke fita aiki tun safe, wannan shi ke ceton shukarsa. Idan an yi gargaɗin guguwa, a cire shi a kulle tagar da ƙofar.

Tumatir yana zubar da fure idan zafi ya haura digiri 35, ɗakin gilashi kuma yana wuce haka cikin sauƙi ko a Ingila a watan Yuli. A yankinmu mai zafi sai an yi fiye da buɗe taga. A shimfiɗa ragar inuwa mai tare kusan rabin hasken rana ta waje, a ɗan ɗage ta daga gilashin don iska ta ratsa. A cire wasu gilasan gefe a maye gurbinsu da raga mai ƙananan ido, wadda za ta bar iska ta wuce ta tare farin ƙuda da malam-buɗe-littafin tsutsar tumatir, irin wadda ta cinye gonaki a Kano da Kaduna a 2016. Wanda bai riga ya saya ba kuma a ƙasa mai zafi yake, rumfar raga da leda mai tsayi ta fi dacewa da shi. Da hunturu ƙura tana rufe gilashi cikin 'yan kwanaki, a riƙa wanke shi da ruwa da soso mai laushi da sassafe, kafin ya ɗauki zafi.

Ka rataya ma'aunin zafi a ciki, a inuwa, daidai tsayin shukar. Ka sa bututu a bakin indararo ya zuba a durom, ruwan sama ya fi na famfo kyau ga shuka. Ƙananan ramukan da suka rage a mahaɗar indararo ka toshe da silikon.

Bayan mako biyu, ko bayan iska mai ƙarfi ta farko, ka zaga da sifana ka taɓa kowane noti, ka duba kilif ɗin da ya fita ko gilashin da ya zame daga maƙalinsa. Ka ajiye takardar bayanin da ragowar bol da kilif a gwangwani mai murfi, ka kuma rubuta awon kowane gilashi a jikin takardar, domin ranar da ɗaya ya fashe ka san girman da za ka je nema.